Daga Tawa zuwa ɗakin wankin ƙoda

Ni haifaffiyar Tawa ce. A can aka binne cibiyata, a can na yi karatu har na kai lise. Yau ina Yamai, ina aiki a sashen wankin ƙoda, cikin masu jona marar lafiya da inji, su tsare shi har a gama, su cire shi lafiya. In na je gida hutu aka tambaye ni inda nake aiki na faɗa, sau da yawa amsar ɗaya ce: "Allah sarki, wurin masu jiran kwana." Maganar nan tana sosa mini rai. Mutanen da ake nufi na san su, na san sunayen ƴaƴansu. Na san wanda ke sauka daga gadonmu ya wuce kasuwa ya buɗe shago, na san malamar da ke barin wurinmu ta je ta gyara takardun ɗalibanta. Shi ya sa nake son in ba da labarin yadda na shiga aikin nan da abin da aka koya mini a cikinsa.

Yayata ce sanadi. A haihuwarta ta uku jini ya ɓalle mata. An yi ƙoƙari an tsayar da shi, an yi mata ƙari, gida ya cika da ƴan barka. Sai fitsari ya ɗauke. Da farko ba wanda ya kula, hankalin kowa na kan jinjiri. Kafin a ankara ƙafafunta sun kumbura, fuska ta cika, ba abin da ke zama a cikinta, in ta fara magana sai ta ɓace mata a tsakiya. Likita ya kira Baba gefe ya ce ƙoda ce ta tsaya saboda jinin da ta zubar, kuma a wancan zamanin babu injin wanki a Tawa, sai Yamai, asibitin Lamorde. Aka sa ta a motar asibiti, ni da Inna a gefenta, muka kama hanyar nan mai fiye da kilomita 500: Konni, Dogon Dutse, Doso, har muka hau gadar Kenedi, kogin Isa a ƙarƙashinmu, muka sauka Harobanda.

Matar da ta karɓe mu a ɗakin wanki, Tanti kowa ke ce mata. Likita ya sa wa Yaya kateta, wata siririyar roba da ake zurawa cikin babbar jijiya, a wuya, Tanti ta jona ta, muka ga jini ya bi tiyo ja wur, ya shiga inji, ya dawo. Inna ta rufe ido tana salati. Awa 2 kacal aka yi, Tanti ta fara shirin cirewa. Inna ta ce, "Ɗiyata, daga Tawa fa muka taho. Ki bar ta ta wanku da kyau mana." Tanti ba ta ɓata rai ba. Ta jawo kujera ta zauna ta ce, "Inna, dattin nan ya daɗe yana taruwa, ya shiga ko'ina har ƙwaƙwalwa. In na kwashe na cikin jini da sauri, na ƙwaƙwalwa bai riga ya fito ba, ruwa zai bi shi can, kai ya kumbura daga ciki. Ta yi ciwon kai, ta yi amai, tana ma iya jijjiga. Yau kaɗan, gobe mu ƙara." Inna ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah shi yi miki albarka." Ni kuwa abin da ya zauna mini a zuciya shi ne matar nan ta san dalilin duk abin da hannunta ke yi, kuma ta iya faɗar sa yadda tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane.

Ni aka ɗora wa auna fitsari. Aka ba ni gora mai zanen awo, kullum da safe in rubuta abin da ya taru. Kwanaki ba komai sai ɗigo. Wata safiya na ga ya haura zanen farko, washegari ya ninka, daga nan ya ɓalle har sai da aka riƙa ba ta ruwa don kar ta bushe. Aka cire kateta, muka koma gida da ita a kan ƙafafunta. Amma a gadon da ke kusa da nata akwai wani saurayi da muka tarar, muka kuma baro. Na tambayi Tanti yaushe shi zai warke. Ta ce ta Yaya suma ƙodar ta yi farat ɗaya, inji ya riƙe ta har ta farfaɗo. Shi kuwa hawan jini ne ya yi ta cin ƙodarsa shekara da shekaru har ta ƙanƙance, ba ta dawowa. Inji zai bi iya rayuwarsa, sai fa in an yi masa dashe.

Da na samu bak na shiga makarantar kiwon lafiya ta ƙasa, ENSP, a nan Yamai, na fito ma'aikaciyar jinya. Na yi aiki a wasu sassa kafin Allah ya nufa a tura ni inda raina ke so.

Ranar farko na zo da zumuɗin riƙe allura. Majo, shugaban ma'aikatan sashen, dattijo mai ƙarancin magana, ya wuce da ni ta gaban gadaje duka bai tsaya ba, ya buɗe wata ƙofa a baya. Ɗakin ruwa ne, zafi, tankuna, ƙugin famfo. Ya ce, "Ƴata, lita nawa kike sha a wuni?" Na ce biyu, ko uku lokacin zafi. Ya ce injin nan yana tura rabin lita na ruwan wanki kowane minti ɗaya, awa 4 ke nan lita 120, kuma tsakanin ruwan nan da jinin mutum ba komai sai wata fata mai ɗan karen siranta a cikin mataci. Abin da na sha ni, hanji zai tace, ƙoda ta fitar da saura. Wanda ke kan gado ba shi da wannan gata, abin da ke cikin ruwa jininsa yake shiga kai tsaye. Ya bi da ni tanki bayan tanki: na yashi mai tare laka, na gishiri mai cire tauri, na gawayi mai kama kulorin, sannan osmoz, wadda ke tace abin da ya rage. Kulorin ɗin da ke sa ruwan famfo ya zama lafiya ga mai sha, shi ne in ya tsallake gawayi yake farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma ba mutum ɗaya zai taɓa ba, duk wanda ke jone a ɗakin ne. Don haka kowace safiya kafin a taɓa kowa, sai an ɗebi ruwa bayan tankin gawayi an gwada, kada ya wuce miligiram 0.1 a lita, a rubuta a littafi, a sa hannu. Da damina, in kogi ya yi ja, matatan farko kan toshe da wuri, ido ya ƙara buɗewa. Sai da na iya ɗakin nan ni kaɗai Majo ya bar ni na matsa kusa da inji, shi ma ba da mutum ba tukuna: in ɗaura tiyo, in kora iska da serom, ruwan nan da ake ƙarin ruwa da shi, har kumfa ɗaya ba ta rage ba, in jira inji ya gama gwajin kansa, in duba kaurin gishirin ruwan wanki da zafinsa, digiri 36 zuwa 37.

Bayan ruwa sai sikeli. Wanda bai sani ba zai ɗauka hawa sikeli wasa ne, alhali lissafin wunin duka daga nan yake tashi. Kowane marar lafiya yana da abin da muke kira busasshen nauyi, wato nauyinsa in an cire ruwan da ya yi masa yawa, bai kumbura ba, bai kuma bushe ba. Likita ke tsayar da shi, amma mu ke ganin mutum kowane zuwa. In busasshen nauyinsa kilo 60 ne ya zo da 63, lita 3 za a cire, a ƙara ɗan serom ɗin da za a mayar masa da jini a ƙarshe. Sai dai jiki yana da iyakar abin da zai bayar. An koya mana kada a wuce mililita 13 ga kowane kilo cikin awa ɗaya. Ga mai kilo 60, abin da ya ɗan haura lita 3 ke nan a awa 4. In ya zo da kilo 5 a kai, ba za ka fizge su duka ba tare da ka kayar da shi ba. Dole a sanar da likita, ko a tsawaita lokaci, ko a ƙara masa zama.

Akwai wani dattijo ɗan Adar da ke zuwa da babbar riga da rawani, aljihu cike da carbi da makullai da waya biyu. In ya hau sikeli haka, za a cire masa ruwan da babu shi a jikinsa. Ba ka ce wa irin wannan mutum ya tuɓe a gaban jama'a. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka taimake ni, ka zaɓi riga ɗaya mara nauyi ta zama ta zuwa nan, ita za mu riƙa awo da ita." Ya ce, "Wagga ɗiya, har tufafina za ki yi wa doka?" Amma zuwa na gaba da ita ya zo, fara ƙal, kuma bai sake canza ta ba.

A wurinsa na ga abin da littafi ya faɗa game da busasshen nauyi mai yaudara. Ya yi zazzaɓi, ya daina cin abinci sosai, amma sikeli na nuna adadin da aka saba. Ga shi tansiyonsa na hawa, ya ce da dare sai ya tara matasan kai yake iya barci, in na danna ƙaurinsa yatsa na barin rami. Tsoka ce ta zube, ruwa ya maye gurbinta, lamba ba ta motsa ba. Na kai wa likita, ya saurari huhunsa, ya sauke busasshen nauyin, muka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har numfashi ya sake. Ba inji ne ya gano wannan ba, kuma ba zai taɓa ganowa ba, don inji bai iya tambayar mutum yadda ya kwana ba.

Maganar ruwa ita ce mafi ɗaci a aikinmu. A Yamai, Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 45, kai kuma kana gaya wa mutum kada ya wuce rabin lita a wuni bayan gwargwadon fitsarin da yake yi, kuma koko da fura da shayi da romo duk a ciki suke. Ni ban yarda da yi wa mai ƙishirwa faɗa ba. Wanda bai taɓa kwana da busasshen maƙogwaro ga randa a gabansa ba, bai kamata ya ɗaga masa murya ba. Abin da ke aiki shi ne a nemo tushen ƙishin, kuma galibi gishiri ne: dunƙulen magi biyu uku a tukunya, kanwa, kilishi, yajin tsire. Sai in nemi ganin wadda ke girki. In ce, "Hajiya, maganin Alhaji rabinsa a madafarki yake." Mu zauna mu yi maganar tafarnuwa da citta da albasa da lemun tsami, yadda miya za ta yi daɗi ba da gishiri mai yawa ba. Sauran dabaru marasa lafiya ne suka koya mini su: tsotsar ƙanƙara maimakon kwankwaɗa, ƙaramin kofin shayi maimakon moɗa, kurkure baki a zubar.

Sai fistil, wato jijiyar da ake shiryawa a hannu don sukar allurar wanki. A nan zan ɗan daɗe, don a nan hannu ke nuna ko ya ƙware.

Jijiyar da ake ɗibar jini a cikinta a asibiti ba ta iya ba da mililita 300 a minti. Shi ya sa likitan fiɗa ke haɗa jijiya mai bugawa da jijiya mai komar da jini, yawanci a wuyan hannu, dabarar da Cimino da Brescia suka fito da ita a Amurka a 1966. Ƙarfin jini sai ya buɗa jijiyar, ta yi kauri, bayan mako 6 zuwa 8 ko fiye ta nuna, ta isa sukar allura. Jijiyoyin da za a iya yi wa haka a jikin mutum ƙidayayyu ne. In ɗaya ta mutu an matsa sama, in ta sama ta mutu an koma ɗaya hannun, daga nan sai kateta, ita kuwa kateta ƙofa ce buɗe ga ƙwayoyin cuta zuwa zuciya. Duk wanda ya ɓata fistil da ganganci ko da gaggawa, kwanakin mutum ya taɓa.

Majo ya koya mini abu uku kafin allura: duba, taɓa, saurara. In duba ko akwai ja, ko kumburi, ko ruwa, ko inda fata ta yi sheƙi ta yi siriri. In ɗora yatsu uku a hankali in ji rawar jini, kamar waya na rawa a aljihu, ba ta yankewa. In sa abin saurare in bi ta daga mahaɗa zuwa sama: ƙugi mai laushi lafiya ke nan, in ya koma fito mai tsini, wani wuri ya matse. In ba rawa ba ƙugi, ba a suka, likita ake kira nan take, don gudan jini ne ya toshe ta, kuma awoyin farko su ne na ceto. Allura biyu ake sawa, ɗaya ta ɗauka, ɗaya ta mayar, da tazara tsakaninsu don kada inji ya yi ta wanke jinin da ya riga ya wanke. Marasa lafiya suna son a soke su a wuri ɗaya kullum, don wurin ya mutu ba ya zafi. Ni kuwa na san in na biye musu, bangon jijiyar zai yi rauni ya kumburo, wata rana ya fashe. Sai in yi ta lallashi, yau nan, jibi gaba kaɗan, har mu bi tsawon jijiyar mu dawo. In za a cire, danna wurin minti 10 da yatsa, da ƙarfin da zai tsayar da jini amma bai kashe rawar ba.

Kuma kowa sai ya haddace dokokin hannunsa, ya iya faɗa wa ma'aikacin da bai san shi ba: ba a awon tansiyo a hannun nan, ba a ɗibar jini, ba a ƙarin ruwa, ba agogo, ba matsattsen hannun riga, ba a kwana a kansa, ba a ɗaukar bokiti da shi. Kowace asuba ya taɓa ya ji rawar. Wata yarinya da ba ta wuce shekarun ƙanwata ba, ta taɓa hana wani ma'aikaci ɗaura mata abin awo a wani wurin, ta ce masa, "Yi haƙuri, wannan hannun ba a taɓa shi." Da ta ba ni labari, daɗin da na ji ya fi na ranar da na karɓi takardar gama makaranta.

In an jona kowa, ɗaki ya yi tsit, baƙo zai ce aiki ya ƙare. Lokacin ne ya fara. Tansiyo kowane rabin awa, ga mai rauni ma fiye. Amma kafin lamba ta faɗi, jiki na faɗa. Mutum ya fara hamma a jere, ko gumi ya tsatso masa a goshi cikin sanyin ɗaki, ko mai surutu ya yi shiru, ko ya ce yana jin zagayawa. Ba na jiran komai: in tsayar da cire ruwa, in kwantar da kan gado, in ɗaga ƙafafu, in auna, in bai tashi ba in sa serom mililita 100 zuwa 200 yadda aka tsara, in kira likita. Faɗuwar tansiyo ba jiri kawai ba ce, tana gajiyar da zuciya, tana kuma iya kashe fistil. In ta zama ɗabi'ar mutum, sai a sake duba busasshen nauyinsa, a duba ko yana shan maganin hawan jini dab da zuwa, ko likita ya ce a ɗan sanyaya ruwan wanki.

Abin da na fi tsoro shi ne bargo. Ɗakin da sanyi, kowa na son ya lulluɓa har ka. Amma in allurar da ke mayar da jini ta zame, inji na iya ci gaba da turawa bai yi kuka ba, mililita 300 kowane minti, a jikin da jininsa duka bai wuce lita 5 ba. Dokarmu ita ce hannu da fuska a waje. Wata Hajiya ta ƙi, ta ce ba za ta bar damtsenta a buɗe ba ga maza a ɗaki. Gaskiyarta ce, kuma ban ga dalilin da zai sa a ce ta zaɓa tsakanin mutuncinta da ranta ba. Muka mayar da ita gadon kusurwa, muka ja labule ta ɓangaren maza, na yafa mata mayafinta daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, wurin allura kaɗai ya rage ina hango shi daga teburina.

A ƙarshen zama, jinin da ke cikin tiyo da mataci sai an mayar da shi tas. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini, in ta mutu jini na ƙaranci, shi ya sa ake yi musu allurar EPO, wato madadin sinadarin nan, da ta ƙarfe. Mai irin wannan hali ba a zubar masa da ko cokali ɗaya. Sannan safar hannu sabuwa ga kowane mutum, wanke hannu tsakanin gado da gado, goge inji da gado da jabel, masu ciwon hanta nau'in B injinsu daban. Waɗannan ba a gajiya da su, ko da layi ya kai ƙofa.

Wani azumi da ya faɗo cikin zafi, ranar Litinin da sassafe, aka shigo da wani direba a kafaɗar ƙannensa. Ya ce ƙafafunsa sun ƙi ɗaukar sa, leɓɓansa na yi masa wani iri. Na kama bugun hannunsa na ji yana tafiya a hankali ƙwarai. Ban tsaya sikeli ba, na kira likita, aka ɗauki zanen zuciya, aka yi masa allurar kalsiyom don a kare zuciyar, muka jona shi kafin kowa. Fotasiyom ne ya taru masa, sinadarin da ke da yawa a irin su dabino da mangwaro, wanda ƙoda ce ke fitar da shi. A jinin mai lafiya tsakanin 3.5 da 5 yake, in ya haura 6.5 zuciya na iya tsayawa ba sallama. Da ya dawo hayyacinsa na ce, "Malam, me ka ci tun ranar wanki?" Ya ce ba komai, dabinon sadaka ne a masallaci, sai mangwaro da maƙwabci ya aiko. Ba ganganci ya yi ba. An ce masa ya rage gishiri da ruwa, ya rage. Tun daga nan, kafin watan ya kama nake bin gado-gado da maganar dabino, ayaba, mangwaro, tumatirin gwangwani, gyaɗa, zogale, dankali. Ganye da dankali a yanka ƙanana, a jiƙa, a dafa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan. Hukuncin ɗaukar azumi kuwa na likita ne da malamai, ni nawa in tabbatar mutum ya je ya tambaye su, bai yanke shi kaɗai cikin jin kunya ba.

A 2023, da aka rufe iyakoki wuta kuma ta yi ƙaranci, mun ga abin da ba mu saba gani ba. Mataci da tiyo da allura duk daga waje suke zuwa, kowane kwali sai da aka ƙidaya shi. In wuta ta ɗauke kafin gurup ya tashi, kowa ya ruga ga injinsa, a juya famfon jini da hannu a hankali don kada ya daskare a tiyo, ido a kan tarkon iska, baki kuma na kwantar da hankalin mai gado. Abin da Majo ya sa muka yi ta maimaitawa a kan inji babu kowa, har muna ganin ya matsa mana, ran nan ya yi rana.

Ƙodar mai lafiya awa 168 take aiki a mako. Inji awa 12 ne in an samu zama uku, da yawa kuma biyu suke samu. Sauran awoyin mutum na gida, da matarsa, da aljihunsa, da tunaninsa. Na ga manomin da ya bar gonarsa ya kama ɗaki a bayan gari don ya kusanci inji. Na ga matar da mijinta ya kawo ta sau ɗaya bai sake dawowa ba. In na ji harshen Adar a bakin sabon zuwa, nakan matsa in gaishe shi da irin gaisuwar gida, in ga kafaɗunsa sun sauka. Na koyi Zabarmanci don dole, don ba ka iya tambayar mutum abin da ke damun sa ta bakin jikansa ɗan shekara goma ka samu gaskiya. Kuma muna rasa mutane. Wanda ka soka da hannunka shekaru, wata safiya a ce ya rasu a gida cikin dare. Mukan je gaisuwa in hali ya yi, mu dawo, don akwai wani a kan layi da aka ba gadon.

Yawancin waɗanda ke zuwa mana sun zo ne a makare, hawan jini ko ciwon sukari ya gama aikinsa a ɓoye, wasu kuma ga tarihin ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a faranti, diklofenak da ibuprofen safe da yamma, ko jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da ke ciki. Ƙoda ba ta ciwo tana lalacewa. Awon tansiyo, awon sukari, gwajin furotin a fitsari da na kiriyatinin a jini, su ke tona ta tun da sauran dama.

Don haka in zan tafi Tawa, abin awon tansiyo na cikin jakata. Bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, dangi da maƙwabta su yi layi. A zuwana na baya na auna gwaggona, ƙanwar Baba, na samu 18 bisa 11. Na bari ta huta na sake, washegari na kuma sakewa, bai sauka ba. Ta ce, "Ni lafiyata lau, ko kaina ba ya ciwo." Na kai ta asibiti da kaina, aka yi gwaji, aka ga furotin ya fara fita a fitsari, aka rubuta mata magani. Ta sha wata ɗaya ta ajiye, wai ta warke. Yanzu ɗanta na ɗora wa, shi ke ba ta da hannunsa bayan sallar asuba, ni kuma duk Juma'a ina kiran sa in ji saura ƙwaya nawa a kwali, in ya kusa ƙarewa in aika da kuɗin wani.